Wa Ya Kai Maganar Fitsarina Masallaci?

Zuwa ga Shugaban asibitinmu,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, ina gaisuwa, tare da fatan kai da iyali da ma'aikatanka kuna lafiya.

Ni limamin wani ƙaramin masallaci ne a gefen Morai, kuma manomin shinkafa. Tun da ruwan madatsar Bakolori ya iso gonakinmu, ƙafata ba ta rabu da ruwa ba. Bayan girbin da ya wuce na fara ganin jini a fitsarina, sai na zo wurinku.

Ƙorafina biyu ne. Na farko, wani mai farar riga ne ya tarbe ni. Ya yi mini tambayoyin da ko ɗana ba zai yi mini ba, ya karɓi kwalbar fitsarina, ya ɗaga ta a gaban jama'ar da ke layi. Likita ya ce tsargiya ce, ya ba ni magani, na warke, alhamdu lillahi. Ashe mai farar rigar nan ba nas ba ne, ba mai gwaji ba ne. Ƙanen wani ma'aikacinku ne da ke zuwa yana sa hannu. Wa ya ɗauke shi? Wa ya duba takardunsa?

Na biyu, kafin kasuwar Talata ta zagayo, magana ta bazu cewa liman na yoyon fitsari, alwalarsa ba ta zama. Sahu ya ragu. Ina tsaye aka fara tura na'ibina gaba. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Ban ɓuya ba. Na miƙe bayan La'asar na faɗi ciwona da bakina, na koma gaban sahu, kuma ina nan daram.

Amma tun ranar, magidantan da muke shiga ruwa ɗaya da su suna ta zuwa zaurena ɗaya bayan ɗaya. Su ma jinin suke gani, har da 'ya'yansu. Sun ce bayan abin da aka yi wa liman, ba su ba asibitinku.

Roƙona, ranka ya daɗe: kada wanda ba a tantance ba ya sake taɓa majinyaci. Kowane ma'aikaci ya maƙala sunansa da aikinsa a ƙirji. A sa labule, a kama baki. Ranar da aka yi haka, ni da kaina zan jawo mutanen nan har ƙofarku. Kafin nan, jinin na ta zuba a gidajensu, kuma ba ni za a tambaya ba gobe kiyama.

Allah Ya yi maka jagora, Ya ba ka ikon gyarawa.

Wassalam.

Malam Haruna Liman