Inna, An Yanke Ƙafar Baba

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uwa, ina fatan kina cikin rahamar Ubangiji. Damina uku ke nan da aka kai ki makwancinki a Nasko, ban taɓa zama na rubuta miki komai ba. Yau dai na rasa wanda zan faɗa wa. Inna, an yanke ƙafar Baba.

Ta hagu ce, daga ƙasan gwiwa. Yau kwana shida. A kan benci nake, a barandar asibiti nan Kontagora, daga inda nake zaune ina hango gadonsa ta taga.

Kin fi kowa sanin ciwon sugansa. Ke kike ɓoye gwangwanin suga a bayan randa. Duk yamma in ya dawo daga gona sai kin sa shi ya miƙe ƙafafu a kan tabarma, ki bi tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya kina dubawa. Yana mita, ke kuwa ki ce, “Malam, ƙafar nan ta daina ji, dole a duba mata.” A lokacin dariya kuke ba ni. Ban san aiki ne kike yi wanda in kin ajiye babu mai ɗauka ba.

Babu kuwa wanda ya ɗauka. Ni ina nan da aikin koyarwa da yara, sai ƙarshen wata nake leƙawa gida. Yaya Sale yana Legas, sai dai waya. Lokacin sharar gona Baba ya taka kututturen dawa, bai ji ba. Da wurin ya zama gyambo sai ya sayo garin magani a kasuwar Auna yana barbaɗawa, ya rufe da safa. Sau biyu na je na same shi da safa cikin zafin bazara, na ce a raina tsufa ne. Abin nan yana ci na, Inna. A zuwa na uku wari ne ya tona asirin.

Likita ya duba, ya ja ni gefe, ya ce ƙafar ta mutu, in ba a cire ta ba za ta tafi da shi. Baba ya ƙi. Ya ce, “Da biyu na zo duniya, da biyu za a binne ni.” Kwana uku muna haka, zazzaɓi yana kaɗa shi, baƙin ƙafar yana hawa sama. Na kira Yaya Sale, ya ce ni da nake kusa in yi abin da ya kamata.

Na yi lallashi, na yi kuka. Da na ga ba ya ji, sai na ɗaga masa murya a gaban mutanen ɗakin. Na ce in ya ƙi to shi ya kashe kansa, ya shirya amsar da zai ba Ubangiji. Ni, Inna, ni da ban taɓa kallon tsakiyar idonsa ba. Ya daɗe yana dubana, sannan ya miƙa babban yatsa aka dangwala a takarda. Tun daga ranar ya daina yi mini magana. In na kawo koko sai ya juya fuska ga bango, sai nas ta miƙa masa yake karɓa.

Sun ce mako mai zuwa za a sallame mu, ni kuwa sallamar nake tsoro. Ina zan kai shi? A gida masan na tsuguno ne, tsakar gida duk yashi, keken guragu ba zai gungura ba. Masallacin da ba ya fashin zuwa yana tsallaken kwata. Nan wajena ni da maigidana ɗaki biyu ne na haya, bayi ɗaya da maƙwabta, kuma ya riga ya gaya wa nas cewa shi ba zai kwana a gidan suruki ba. Ga likita yana ta jaddada mini a kula da ƙafar dama, don ita ma ba ta ji sosai.

A ɗakin mata akwai wata tsohuwa daga Kaboji da ɓarin jikinta ya shanye. 'Yarta ta gaya mini shekara biyu ke nan tana juya ta, tana wanke ta, ta bar gona ta bar coci. Na dubi hannuwan 'yar tata. Ban sani ba ko ina da irin ƙarfinta.

Ɗazu da hantsi ina ninke zannuwa sai na ji Baba ya ce, “Hadiza.” Na juyo da sauri. Ya ce tafin ƙafarsa ke ƙaiƙayi, in sosa masa. Na kai hannu ga ta dama. Ya ce, “Ba ita ba. Ɗayar.”

Na tsaya ina kallon inda babu komai sai zanen gado. Sai na ɗora farce a kan zanen na fara sosawa. Ya ce in yi ƙasa kaɗan, na yi ƙasa. Ya lumshe ido ya ce, “Yauwa, Allah ya yi miki albarka.” Ban daina ba har barci ya ɗauke shi. Ban sani ba ko ya yafe mini ne, ko kuwa ƙaiƙayin ne kawai ya yi yawa. Ina tsoron tambaya.

Allah ya jiƙan ki, Innata, ya haskaka kabarinki. Allah ya warkar da mikin da ke ƙafar Baba, ya bar masa wadda ta rage, ya sassauta zuciyarsa a kaina. Ni kuma ya nuna mini inda zan kai shi kafin ranar sallama.

Taki har abada,
Hadiza