Kwalbar da Uwar Zomaye ta Bari a Kan Ƙanƙara

Cikin alhini da sanyin jiki, Hukumar Gudanarwa da ɗaukacin ma'aikatan wannan cibiya ta bincike suka samu labarin rasuwar uwarmu kuma malamarmu, Farfesa, Shugabar Ɗakin Gwaje-gwaje, wadda manya da ƙanana ke kira Uwar Zomaye, ita kuma ta amsa tana harararmu.

Marigayiya ta ƙarar da ƙuruciyarta kan furotin ɗin da ke daidaita sinadarin foliyamin a ƙwayoyin halittar jiki, sinadarin da ake zargin yawansa na taimaka wa ciwon daji. Domin gano wannan furotin, ta yi shekaru tana kiwon zomaye har ta tace ruwan garkuwar jiki daga jininsu, ta rarraba shi a 'yan kwalabe ta adana a firiza. Zomayen sun daɗe da mutuwa, kwalaben kuma suka yi ta ƙarewa har ya rage saura ɗaya, wadda ta ware wa gwajinta na ƙarshe.

Dokarta ɗaya ce, kuma kowa ya sha faɗa a kanta: "Kun ji ko, abin da ya narke ba a mayar da shi firiza. A yi aiki da shi kafin ya lalace."

Ranar da za ta rasu, da hantsi, ta fito da wannan kwalba daga firiza ta ɗora a kan ƙanƙara don ruwan ya narke a hankali, ta rataye farar rigarta, ta ce za ta leƙa asibiti ta dawo. Tun daga ranar muke sauya ƙanƙarar. An rasa mai ƙarfin halin buɗe kwalbar, kuma duk wanda ya ji motsin ƙofa sai ya gyara tsayuwa kamar ita ce ta dawo. Gaskiya tsoro muke ji, domin in hannu ya kuskure babu wata.

Muna miƙa ta'aziyyarmu ga maigidanta, Malam, da 'ya'yanta da jikokinta, da addu'ar Allah Ya jiƙanta, Ya sa ta huta, Ya ba su haƙurin jure wannan babban rashi.

Hukuma na kuma sanar da cewa, bisa amincewar iyalanta, gobe da safe mataimakinta zai buɗe kwalbar. Babbar 'yarta ta roƙi a bar kujerar mahaifiyarta a inda take, tana fuskantar teburin gwajin. Mun bar ta.

Sa hannu:
Kakakin Cibiya,
tsohon ɗalibin marigayiya,
a madadin Hukumar Gudanarwa