"Lahiya Lau" Ɗin Direban Maraɗi

Ibadan, Nuwamba 1975

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? A gaishe min da Rabi'a.

Jiya aka fara shiga da mu 'yan ajin farko na koyon aikin likita ɗakin majinyata. Likita ya sa na yi wa wani direba ɗan Maraɗi tafinta. Yana dafe da ciki ya ce, "Lahiya lau." Sai na ji kamar ina tashar Jibiya ranar kasuwa. Likita zai wuce, na roƙe shi ya dakata, don mu ba ma faɗin ciwo a gaisuwar farko. Sai da na tambayi iyali da gajiya, sannan direban ya ce aman jini yake.

A aiko min da daddawa, a sa ni a addu'a. Ni ma lahiya lau nake.

Ɗanku,
Maharazu