A Zo A Faɗa Musu Jinin Sule Ba Ya Tsayawa

Zuwa ga Babban Likita mai duba ɗakunan shan magani na ƙasar Bebeji da Tudun Wada.

Bayan gaisuwa da ladabi, ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da rubutuna. Aji biyu na yi a elementare, malam ya ce surutuna ya fi karatuna, ya sallame ni. Manomi ne ni a wani ƙauye kusa da Ƙofa, kuma ni ke ba mutane dariya a dandali. Shi ya sa na kawo kukana jarida. A garinmu ko gobara na ce, sai an gama dariya a ɗebo ruwa.

Na ɗaya. 'Ya'ya maza uku Allah ya ba ni. Na farin, ranar suna wanzami ya cire masa beli, jini ya ƙi tsayawa, ba a cinye naman suna ba muka kai shi makwanci. Na biyu, Habu, ya kai shekarun kaciya. Aka yi masa, aka sa garin bagaruwa, aka yi tofi, sa'o'insa suka warke, shi ya tsiyaye a hannuna. Saura Sule, wanda na hana aska ta taɓa shi tun ranar suna. Haƙori ya faɗi masa bara, ya yi kwanaki yana tofar da jini. In ya yi tuntuɓe, gwiwa ta kumbura kamar ƙoƙo.

Na biyu. Wani likita ya zo rangadi bara, na kai masa Sule. Ya tambayi dangin uwarsa, na ce yayyenta maza biyu ma haka suka tafi. Ya ce akwai wani abu cikin jini mai sa shi daskarewa ya toshe rauni, an haifi Sule da ƙarancinsa. Ta wajen uwa yake biyowa, maza yake kamawa, ba laifin kowa ba ne, kada a yanke shi. Tafintan likitan ya faɗi haka da ƙarfi gaban mata masu jiran magani. "Ta wajen uwa" kaɗai suka kai gida. Kafin kasuwa ta zagayo, matata ta zama mayya mai shanye 'ya'yanta. Ta koma Doguwa wurin iyayenta. Yanzu ni ke tuƙa tuwo, kaji ma sai sun yi shawara su ci. In an idar da salla, kowa ya miƙa wa na kusa da shi hannu, ni na shafa gemuna.

Na uku. Na maimaita maganar likita gaban dagaci, ya ce wannan ta fi ta jiya ban dariya. Sarkin Aska ya ce na zagi askar kakansa, ya daina amsa sallamata. Yayana ya rantse ba za a bar ƙato marar kaciya a gidan ubanmu ba, sanyi na shigowa zai kai Sule wurin wanzami, ko ina nan ko ba na nan. Ga shi an fara yankan dawa.

Roƙona, ranka ya daɗe, ka turo mutum mai riga da takalmi ya faɗa wa dagaci da Sarkin Aska abin da aka faɗa mini, ya kuma wanke matata gaban matan nan. In akwai yadda za a yi wa yaron kaciya a asibiti da jini a ajiye, ga jinina, ba aikin da yake yi mini sai ɗaukar kaina zuwa gona. In babu, a faɗa a fili.

A hanzarta, don yayana zan iya tare shi a zaure. Amma yara sun daina zuwa rafi da Sule, kuma shekaranjiya na tarar da shi zaune a ƙofar gidan wanzami. Ba kai shi aka yi ba. Ya ce mini, "Baba, ni ba zan yi kuka ba."

Allah ya ja zamaninka, ya raya maka naka, ya sa kada ka taɓa sanin irin wannan. Amin.

Wassalam, daga mai jiran amsa a bakin hanya,
Tanko, uban Sule.