Tagar da nake buɗe wa Auta

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Inna? Muna lafiya, sai dai tarin 'yata Auta.

Raina a ɓace yake. Kai ka matsa min in raba ta da hayaƙin birni, na bar aikina, na hau tsauni kiwon shanun mutane. Kullum ni ke buɗe taga in ce ta shaƙi iska! Jiya likita ya ce akwai iskar ozon can ƙololuwar sama, idan guguwa ta turo ta ƙasa, mu mazauna tudu take fara ƙona wa ƙirji.

Kada Inna ta ji. Amma ƙasa hayaƙi, sama guba, yanzu kuma ina za ka ce in kai ta?

Ƙanenka.