Ko Na Saku, Yaya?

Gafasa, ranar Laraba

Zuwa ga Yayata Ruƙayyatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara da duk mutanen Kademi. Ya ƙafar taki? Allah ya ƙara sauƙi.

Kin san ni da surutu a waya, amma wannan maganar bakina ya kasa ɗauka, shi ya sa na rubuto. Tun da likitocin Kano suka ce ciwon daji ne a ƙwaƙwalwar maigidana Malam, kowa ya shigo sai ya ce ya mai jiki, ni kuma in ce da sauƙi. Yaya, babu sauƙi. Mutumin da ko ɗalibansa na Islamiyya bai taɓa ɗaga wa murya ba, yanzu in ciwon ya motsa da kofin kunu yake jifana. In ya lafa kuma ya tambaye ni wa ya ɓata min rai.

Wannan duk zan iya jurewa. Da damina, cikin irin wannan hali, ya ce ya sake ni. Bayan kaka ya maimaita. Shekaranjiya ina canza masa riga ya faɗi na uku, idonsa a bango. Ba wanda ya ji sai ni.

To ni yanzu mece ce a gidan nan? In igiya ta ƙare, bai halatta in yi masa wanka ba. In na tafi kuwa, ba ya karɓar magani a hannun kowa. Ina goge masa jiki gabana na faɗuwa. Barci ya ƙaurace min, in na ta da sallah sai in rasa raka'a nawa na yi. Jiya 'yarmu Zulfa ta tarar ina kuka a gindin murhu, na ce hayaƙi ne, alhali ko wuta ban hura ba.

Ina jin nauyin Bappa, amma shi ne malaminmu, shi ya ɗaura auren. Don Allah ki tambayar min shi. Ina son mijina, Yaya, kuma ina tsoron Allah.

Ƙanwarki,
Muslima

Gafasa, ranar Asabar

Yayata ta kaina,

Assalamu alaikum, da fatan kun wuni lafiya. Kin dai iya haɗa mutum da kunya, sai ga Bappa da kansa a ƙofar ɗakina! Ya zauna da Malam, ya ji bayanin ciwon. Ya ce wanda cuta ta gusar wa hankali an ɗauke masa alƙalami, sakinsa ba ya aukuwa, igiyoyina uku suna nan. Sannan ya yi min faɗa sosai kan zurfin ciki. Ya sa Fatsuma, ƙanwar Malam, ta riƙa karɓata, ya ce ranar komawa asibiti ni ma in gaya wa likita halin da nake ciki. Daren da Bappa ya zo na yi barcin da na manta rabona da shi.

Sai dai jikin Malam ya ƙara yin ƙasa, wani lokacin ba ya gane ni. Yau da hantsi ina ba shi kunu ya ƙura min ido, ya ce, "Baiwar Allah, kina da kirki. Kina da aure?" Na ce ina da shi, kuma mijina ba shi da na biyu. Kamar bai ji daɗi ba, ya ce, "To, Allah ya bar ku tare." Na ce amin, na ƙara masa cokali.

Ki gaida yara, ki ci gaba da sa mu a addu'a.

Taki har kullum,
Muslima, matar Malam