Agogon da Ka Ɗaura Mini a Keke

Abba,

Assalamu alaikum. A makaranta an koya mana a buɗe wasiƙa da fatan mutum yana lafiya, to ni daga aji biyu na sakandare aka sallamo ni, ba a kai ga darasin gaida wanda ya riga mu ba. Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da ma ko da kana nan ba ka iya karanta rubutuna sai ka kira ni na fassara. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a rai, kuma kai ne wanda ake tuhuma.

Labarin gida tukuna. Mamanku lafiya, sai gwiwa. Matarka Rukayya ta gama takaba ta koma gidansu a Kinkinau, tana kawo mana 'yarka duk Juma'a. Yarinyar ta fara tafiya, kuma goshinka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Shago yana nan, ina ta yi wa amaren Unguwar Kanawa gadaje. Suga ya sauka. Likita ya ce in ci gaba da hawan keke, sai ka ce shi zai taka mini.

To, ga ƙarata.

Asabar ɗin makon jiya na shiga tsere, karo na farko tun rasuwarka wata takwas. Rukuninmu ne na 'yan hamsin zuwa sama, masu tumbi cikin matsattsen wando. Daga Kawo zuwa gaban Katabu a juyo, aka ce kilomita arba'in. Na zo na bakwai cikin mutum tara. Da na tsaya sai na duba agogon nan da ka ɗaura mini a hannun keke, mai nuna gudu da nisa. Ya ce arba'in da shida. Da kana nan kai kake tarye ni a bakin layi ka karɓi keken, ka goge lissafin kafin in gama shan ruwa. Ni duk a zatona ladabi ne.

Ka san ubanka. Na nufi teburin alƙalai da hular kwano a kai, ina haki, na ce sun ci amanar tsofaffi, sun ƙara mana kilomita shida a ɓoye. Na ce ni kafinta ne, awo sana'ata ce, ba a yi mini wannan. Har mutum biyu sun goya mini baya kafin su duba nasu agogon. Arba'in. Na kowa arba'in. Ni kaɗai ne Katabu ta yi wa nisa.

Garba mai gyaran keke ya karɓa ya danna ya danna, ya ce wanda ya saita agogon ya gaya masa cewa tayata ta fi yadda take girma, don haka duk juyi ɗaya yana ƙara mini abin da ban taka ba. Ban yarda ba. Na kai keken shago, na sa alli a taya na sa a ƙasa, na gangara juyi ɗaya, na ja tef. Sau uku na yi. Garba ya yi gaskiya.

Wa ya saita shi, Abba? Kuskure za ka ce? Kai da ka taɓa dawo mini da kujera don ƙafa ɗaya ta gaza da rabin inci? Shekara uku ina zama a majalisar bakin masallaci ina cika baki wai ina yin kilomita talatin a awa. Ashe ashirin da shida nake ja, kamar mai kai gawayi kasuwa.

Da abin ya tsaya a agogo da na yi dariya na wuce. Amma ka san lambar tagullar da ke rataye a falo, wadda na ci a bara waccan da na zo na uku. Ban taɓa cin komai a duniya ba sai ita. Ko a makaranta daga ƙasa ake fara neman sunana. Ranar nan Alhaji Sabo mai kayan gini yana gabana, mutumin da tun da muka fara tsere ban san komai nasa ba sai bayansa. Saura kaɗan a kai layi ya kama cinya ya rage gudu, na wuce shi, ya zo na huɗu. Yanzu na tuna da safiyar ranar na same ku a bayan motarsa kuna magana ƙasa-ƙasa, da kuka gan ni kuka koma zancen iskar taya. Me ka ce masa? Roƙonsa ka yi?

Na je shagonsa na tambaye shi. Ya ce jijiya ce ta riƙe shi, ya sa aka kawo mini lemo. Na ce wace ƙafa? Ya ce hagu. Ni kuwa dama na gani. Ko hagun ce? Ina nan ina shirin matsa masa sai idonsa ya kawo ruwa, ya ce Allah ya jiƙan Abba. Ka ga ai bincike ya ƙare, ba a tuhumar mutum yana yi wa ɗanka addu'a.

Na koma kan mamanku. Ba ta ɗago daga tsince shinkafa ba. Ta ce ita dai ta san likita ya taɓa janye ka gefe ya ce in na bar keken nan suga zai kwantar da ni, kuma kowa ya san halina, duk abin da ba a yabe ni a kansa ba nakan watsar: makaranta, kiwon kaji, koyon mota. Ta ce iyakar saninta ke nan. Shekara talatin da biyar muna tare, na san muryar da take faɗin iyakar saninta da ita idan akwai saura.

Yanzu ba wanda na yarda da shi. Na'urar gwajin sugan ma kai ka saita mini, sai da na je wani asibiti inda ba a san ni ba aka sake gwadawa. Ya sauka ɗin da gaske, ka ci wannan. Har mutum biyun da na bari a baya ranar Asabar sai da na bincika. Ɗaya tayarsa ce ta sace, na matsa ta da hannuna na tabbatar. Ɗayan ya haura saba'in. Na bakwai dai nawa ne, halaliyata.

Tunda shari'a ake, bari ni ma in faɗi nawa laifin. A hawan nan na kafin Katabu, in muna atisaye, kakan matso ka ɗora tafin hannunka a gadon bayana, ka ce kana gyara mini zama. Na san tura ni kake yi. Tun ranar farko na sani. Ban taɓa waiwayowa ba, kuma wani lokaci da gangan nake sassauta ƙafa don hawan ya daɗe. Kai ɗan fari ne, tun kana goye kunya ta hana ni ɗaukarka a gaban mutane, ko sunanka na yanka ban taɓa kira ba. Can a kan titi ne kaɗai hannunka yake taɓa ni ba wanda zai ce komai. Ban ce maka na gode ba. Na bari sai ranar da na iya hawan ni kaɗai, in yi maka gori tukuna in gode.

Garba ya gyara agogon, yanzu gaskiya yake faɗa mini tun da safe, ba daɗin ji. Lambar kuwa sau biyu ina sauke ta ina mayarwa. Wata rana 'yarka za ta yi wayo ta nuna ta ta tambaye ni, kuma ban san abin da zan ce mata ba. Na yanke shawara lambar za ta zauna a bangon, amma na daina ba da labarinta a majalisa sai na ji daga bakinka. Idan Allah ya haɗa mu, muna gama gaisawa ita ce tambayar farko. Ka shirya amsa, can ba a yi wa uba ƙarya ko don a kyautata masa.

Allah ya haskaka kabarinka, ya yafe maka, ni dai na yafe tun kafin in san gaskiyar.

Sai na zo.

Mahaifinka,
na uku ko na huɗu, Allah ne masani.